Inda Ƙamshin Sahura Ya Tafi

Sahura, ki saurare ni, in ana saurare a inda kike. Da sunan Wanda ya halicci dutse da abin da ke cikin dutse, ya halicci iska da abin da iska ke ɗauke da shi, Wanda ya san nauyin ƙwayar zarra ya kuma san inda za ta faɗa, da sunansa na fara. Ni ne Hakilu mijinki, wanda ya ajiye allo tun bai kai ko'ina ba, wanda kike yi wa dariya in ya tashi yin dogon bayani. Na je, na dawo. Ga abin da na gani.

Kin san al'adar garinmu Dutsen Kurciya, amma bari in faɗe ta, don daga nan komai ya taso. In mace ta rasu ta bar jariri, sai a ɗauki mayafin da ta fi turarawa, a cusa shi cikin ƙaramin tulu, a toshe bakin da kakin zuma. Ba a buɗewa sai ran da ɗan ya mallaki hankalin kansa. Ran nan sai a tara dangi, a fasa kakin, ya shaƙi uwarsa sau ɗaya a duniya.

Ni ma an yi mini. Da aka fasa kakin tulun mahaifiyata, tsofaffi suka ɗauki kuka suna cewa, "Ga ta nan! Wallahi ga Hansai ta dawo!" Na cusa hancina, na ja, na sake ja. Ban ji komai ba sai warin tsohon yumɓu. Na girma ina zaton hancina ne ya mutu.

Sai ga shi kin haifi Yalwa, kika tafi tun ba a aske mata gashin suna ba. Inna Tabawa, mahaifiyarki, ita ta naɗe mayafinki mai ruwan ƙasa, wanda kike turarawa da kajiji da farce, ita ta narka kakin da hannunta. Na ajiye tulun a ɗakinmu. Kullum na shiga sai in ji ki a jikinsa, in zauna in rungume shi kamar mahaukaci. Ana nan, wata rana da hantsi, tunani ya sare ni kamar gatari: abin da nake ji a waje, ai daga ciki ya fito. Duk shaƙar da na yi, rabon Yalwa na rage. A ranar na gane ba hancina ne ya mutu ba.

Na je na durƙusa a ƙofar Inna, na ce, "Inna, tulun nan yana yoyo."

Ta ce, "Yoyon me, Hakilu? Ruwa aka zuba a ciki?"

Na ce, "Ƙamshin ne yake fita."

Ta ci gaba da jijjiga Yalwa a cinya. Sannan ta ce, "Haka muka tarar. Ka bar wannan magana."

Na ce zan tafi neman mazubin da ba ya yoyo, ko a bayan duniya yake. Ta ce, "In ka tafi da shi, ka dawo da shi. Yarinyar nan ba ta da wani gado sai shi."

Na ɗaure tulun a ƙirjina da rawani, na bi gabas. Na ratsa dajin da itatuwansa ke kwanciya in rana ta take, na haye kogin da ke gudu zuwa tudu, har na isa wani birni da ake kira Karofi, inda kowane gida ramin rini ne, kowane mutum kuma hannunsa shuɗi har gwiwa. Aka ce mini Sarkin Karofi ya san sirrin abin da ke bazuwa. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, duk wanda ya yi masa tambaya sai ya gwada shi, wanda ya faɗi kuwa ya zama bawan rami har mutuwa. Masu shuɗin hannun nan, yawancinsu matambaya ne irina.

Sarkin wani ƙaton mutum ne mai ƙaramar murya. Ya sa aka kawo ƙwarya cike da ruwa garai-garai, aka bar ta ta natsu. Ya ɗiga shuni ɗigo ɗaya a tsakiya, ya ce kada wanda ya yi ko tari. Muka zuba ido. Ba iska, ba ludayi, ba hannu, amma ɗigon nan ya fara miƙa ƙafafu, ya yi gashi, ya yi hayaƙi, har ruwan ƙwaryar duk ya koma launin sama.

Ya ce, "Wa ya dama?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga kowa ba."

Ya ce, "To madalla. Mayar mini da ɗigona."

Bayin da ke gefe suka sunkuyar da kai. Na ga alamar wasu sun gwada tacewa da ƙyalle, wasu da tsinke, wasu da addu'a. Ni kuwa sai na tuna ki, ran da kika manta jiƙon kanwa a kan danga, muka dawo muka tarar ruwan ya tafi, kanwar ta kwanta fara a gindin kwano, kika ce rana ɓarauniya ce mai zaɓe. Na roƙi faranti mai faɗi, na juye ruwan, na kai shi tsakar rana na tsare shi. Da ya bushe, na kankare shuɗin da ya kwanta, na kawo masa a kan farcena.

Ya duba, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kai, ɗan nema! To ruwan nawa fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗigo ka ce."

Ya ce, "Haka na ce. Tashi ka tafi tun ban sake tunani ba. Shuni kan yarda ya kwanta, amma abin da ka ƙulla a ƙirji irin ruwan ne, ba irin shunin ba. In kana son ganin wanda ya dama ƙwaryata, ka nemi Tsingaro."

Tsingaro wani fili ne fetal, ba ciyawa ba tsuntsu. A tsakiyarsa ba komai sai guntun fasasshen tulu, da ɗigon ruwa guda a cikinsa wanda ba ya bushewa. Na ga takalma da sanduna da jakunkuna a zube kewaye da shi, ba masu su. Da ina da wayo da na tsaya nan. Na durƙusa na leƙa.

Ban san na faɗa ciki ba. Na dai ga ɗigon ya buɗe ya zama teku, ni kuma na ƙanƙance, ni da tufafina da tulun, har na fi garin gero ƙanƙanta. Kafin in yi salati wani abu ya naushe ni a haƙarƙari. Na juya, wani ya buge ni a ƙeya. Ta sama, ta ƙasa, ta hagu, ta dama, ba na ganin mai dukan, ba kuma ya hutawa. In na nufi gaba sai a jefa ni gefe, in na nufi gefe sai a mayar da ni inda na fito. Ga mutane nan birjik a cikin ruwan suna ta tangal-tangal kamar masu maye, wasu gashinsu ya yi furfura a nan ciki. Na ga wani yana miƙa wa ɗan'uwansa hannu, saura ƙiris su taɓa, aka watsa su. Daga yadda suka yi shiru na gane sun saba.

Can aka wurgo wani dattijo ya yi karo da ni, ya cafke wuyan rigata. Ya ce, "Sannu da zuwa, angon tulu! Kada ka ji tsoro, ba na saki. Yatsa shida gare ni, yau dai na ga amfaninsa."

Sunansa Cindo, mai haƙan rijiya ne. Ƙishirwa ce ta sa ya leƙa.

Na ce, "Baba Cindo, wa ke dukanmu?"

Ya ce, "Ruwan mana. Kai a waje kana ganin ruwa abu guda ne mai hankali. A nan ciki kasuwa ce ta watse, kowa gudu yake, ba wanda ya san inda za shi. Ba sa ƙinmu, ba su ma san da mu ba. Ka gode Allah da sanyin safiya ka zo. Bari rana ta ɗaga ruwan ya yi ɗumi, ka ga hauka."

Rana ta ɗaga, na ga hauka. Na naɗe jikina a kan tulun ina karɓar dukan da bayana. A cikin wannan azaba idona ya sauka kan wani ƙaiƙayi da ya faɗo ruwan, wanda a wurinmu ya kai girman rumbu. Mu ana cilli da mu, shi kuwa ɗan rawar jiki kawai yake yi. Na kuma lura tun da Cindo ya riƙe ni, jifar da ake yi da mu ta ragu.

Na ce, "Baba, ƙaton can ai ya fi mu shan duka. Me ya sa bai motsa?"

Ya ce, "Ka tambaye shi."

Na ce, "Ta ko'ina ake dukansa lokaci guda. Na gabas ya kashe na yamma. Mu ne ƙanana, naushi ɗaya ya ishe mu."

Ya dube ni. Sai ya kware baki ya yi ihu irin na mai kiran guga daga gindin rijiya: "Jama'a! Duk wanda aka jefo kusa da kai, kama shi! Ko maƙiyinka ne, kama shi!"

Muka zama uku, muka zama gungu, muka zama dunƙule kamar ƙudan zuma a reshe. Duk wanda ya ƙaru, sai rawar ta ragu, har ƙafafunmu suka sami ƙasa muka fara takawa tare. Ba duka muka fita ba. Akwai wata tsohuwa da ta ƙi a taɓa ta, tana dariya tana cewa ita rawa take. Mutanen nan biyu da na ga suna miƙa wa juna hannu kuwa, mun kama ƙanen, wan ya suɓuce daga hannuna. Har yau ina jin santsin yatsunsa.

Da muka isa bangon yumɓun da za mu hau mu fita, nan na ga abin da ya kawo ni. Bangon da ido ke gani sumul, ashe tarin duwatsu ne da ƙofofi a tsakaninsu, wasu har raƙumi zai shige. Ina jin 'ya'yan ruwan suna kutsawa ta cikinsu ɗaya-ɗaya, ba don suna son fita ba, sai don a gudunsu na banza wani kan dace da ƙofa, wanda ya fita kuwa da wuya ya dace da ita a komowa. Na dubi tulun ƙirjina. Kaki a baki, jiki duk ƙofa. Cindo bai yi mini ba'a ba a wannan karon.

Muna fita daga ruwan muka koma girmanmu. Kowa ya nemi takalminsa ya kama hanya. Cindo ya ce ba wanda ke jiransa a gida sai wata akuya, ita ma yanzu ta zama ta wani, don haka zai raka ni ya ga ƙarshen wautata.

Shi ya san labarin Birnin Ƙarau, wanda ke cikin cikin wani dutse, inda ake narka yashi a hura shi ya zama kwalba. Wutar maƙerarsu ta cinye idon mutanen garin tun kakanni, duk idanunsu fari fat. Da hanci suke sanin juna, da hanci suke sanin hanya. Shugabarsu, Magajiya Gaje, muna shiga zaurenta ta ɗaga kai ta ce, "Baƙi biyu maza, ɗaya bai san wanka ba. Ina macen da ke tare da ku?"

Cindo ya ce, "Ranki ya daɗe, marar wankan dai ni ne."

Na kwance tulun na faɗa mata komai. Ta shinshina shi ta ce, "Fiye da rabinta ya zube a hanya. Amma da saura." Ta sa aka huro kwalba mai kauri, aka fasa kakin, aka zura mayafin cikin gaggawa, aka narke bakin kwalbar ya haɗe ruf. Ta miƙo mini tana da ɗumi. Ta ce, "Shi ma ƙarau ba a tsaye yake ba, rawa yake a inda yake. Amma 'ya'yansa sun riƙe juna, ba su bar ƙofa ba. Shinshina."

Na shinshina. Ban ji komai ba. Sahura, tun da kika tafi ban yi farin ciki irin na rashin jin ki a ranar nan ba.

Ladansu shi ne in yi musu zugar wuta har damina ta wuce, na yi. Ran tafiya muka bi ayarin masu ɗebo yashi ta wata doguwar hanya a ƙarƙashin dutsen. Mun yi nisa sai dutsen ya yi nishi. Rufin ya rufto gabanmu da bayanmu. Da ƙura ta lafa, fitila ɗaya ce ta rage da rai, wadda aka kunna saboda mu masu ido. Mutanen ayarin, maza da mata, suna ta kiran sunayen juna. Cindo kuwa wani falalen dutse ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

Muka yi ihu, dutsen ya raba ihun ya kai shi ko'ina. Can muka ji sarar diga daga nesa, muka yi murna. Sai muka ji sarar tana ƙara nisa. Hanyoyin cikin dutsen suna da yawa, masu ceton sun kama wata. Numfashi ya fara nauyi, harshen fitilar ya fara tsugunawa.

Cindo ya ce, murya a shaƙe, "Na haƙa rami tun ba a haife ku ba. Ba dutsen da ba shi da tsaga. Murya ce ba ta san hanya ba."

Wata mata daga ayarin ta ce, "Mutanenmu da hanci suke nema. Amma dutsen nan duk warinmu ne, guminmu, yashinmu, hayaƙinmu. Ba za su bambance ba. Sai dai a ce akwai wani ƙamshi baƙo, wanda ba na nan ba."

A ɗan hasken da ya rage na ga fararen idanun nan duk sun juyo wajena. Kwalbar ba ta fitar da komai, amma garin duka ya san abin da ke cikinta.

Na ce, "Na 'yata ne. Ba ta taɓa sanin uwarta ba."

Matar ta ce, "Mun sani, ɗan'uwa."

Na dubi Cindo. Ya ce, "Kada ka kalle ni, angon tulu. Ni ban ce komai ba, ba kuma zan ce ba. Ni tawa ta riga ta ƙare ko an fasa ko ba a fasa ba."

Na zauna da ke a cinyata. Na tuna in na mutu a nan, kwalbar za ta zauna a cikin dutse cike da ke har tashin duniya, ba hancin da zai same ta, Yalwa kuma ba uwa ba uba. Na tuna hannun mutumin da ya suɓuce mini. Duk da haka na daɗe, Sahura, na daɗe har wani dattijo a bayana ya daina tari.

Na buga kwalbar da dutse.

Kogon da sanyi, na kuwa ga abin da sanyi ke yi wa 'ya'yan ruwan nan masu gudu. Don haka na ware mayafin na riƙe shi bisa harshen fitilar, ina juya shi, har gefensa ya fara ƙuna. Sai kika tashi. Kika cika kogon. Kajiji da farce, da wani abu a ƙarƙashinsu wanda ba turare ba ne, wanda ke wuyanki in kin dawo daga rijiya. Na ji ki kamar kin ɗaga labule kin shigo. Na buɗe baki in ja ki duka cikin ƙirjina, sai na tuna ba don ni na fasa ba. Na kai mayafin jikin tsagogin dutsen, na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Cindo ya ja numfashi mai tsawo. Ya ce, "Kai! Ashe da gaskiyarka, yaro. In ni ne ma sai in zaga duniya."

Fitilar ta mutu. Muka zauna a duhu, ƙamshin yana raguwa, yana raguwa. Sarar digar ta tsaya cak. Shiru ya yi tsawo. Sannan ta dawo, ta wani gefen, tana matsowa.

Da suka huda bangon, na kira Cindo in gaya masa. Hannunsa na cikin nawa, yatsun nan shida, amma ya riga ya saki.

Mutanen ayarin sun fita, ban da Cindo da dattijon da ya daina tari. Magajiya Gaje ta karɓi abin da ya rage na mayafin, ta kai hancinta, ta daɗe. Ta ce, "Hayaƙi da dutse. Ba kowa a ciki."

Na ce, "Ina ta tafi?"

Ta ce, "Wata tana ƙirjin waɗanda suka fita. Wata tana cikin tsaga. Wata ta kai bakin dutse ta bi iska, tana nan tana gudu. Ko ƙwaya ɗaya ba ta mutu ba. Mai tara ta ne babu." Sannan ta ce, "In rufe maka shi haka a wata kwalbar?"

Na ce ta rufe.

Na iso Dutsen Kurciya ana girbin dawa. Yalwa tana tafiya, Sahura, har da gudu, goshinki ne da ita sak. Ta ɓuya a bayan zanen Inna tana leƙena. Dangi suka taru suna juya kwalbar a rana, suna ganin mayafinki a naɗe a ciki, ƙunar tana ta ƙasa inda na ɓoye ta. Suna ta shinshinawa suna cewa, "Ko ɗis ba ya fita! Hakilu ya yi abin da ba a taɓa yi ba." Har wasu sun fara tambayata hanyar Birnin Ƙarau. Inna ta karɓe ta da hannu biyu, ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta ce, "Sannu, ɗana," ta sa ta a ƙasan adakarta.

Yanzu in na ɗauki Yalwa muka fita bayan gari, iska ta taso daga gabas, sai in juyar da fuskarta wajen, in ce ta ja numfashi. Ita wasa ta ɗauke shi, tana ja tana dariya. Ban sani ba ko a cikin dubun dubbai da ke dukan fuskarta akwai ƙwaya ɗaya taki. Karatuna bai kai nan ba.

Wata rana za ta mallaki hankalinta, a tara dangi, a fasa kwalbar. Tsofaffi za su ɗauki kuka su ce ga Sahura ta dawo. Ita kuma za ta cusa hanci, ta ja, ta sake ja, sannan ta ɗago ta nemi idona.

Ban san abin da zan ce mata ba. Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa liman ba, ban gaya wa kowa ba tukuna. Ke ce ta farko.